Laifi ne mai jinya ya tambayi nas wane magani za ta bayar?

Ummu_Khairat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku raba mana gardama ni da maigidana. Idan mutum yana jinyar ɗan'uwansa a asibiti, nas ta zo da sirinji ko ƙwayoyi, ya dace ya ce mata "Sista, wane magani ne wannan, kuma na mene ne?" Shi ya ce wannan raina ƙwarewar mutane ne, kuma ba abin da zai jawo sai a tsangwami marar lafiyarka. Ni na ce haƙƙinka ne. Abin da ya ta da zancen, ƙanwarsa ce ke kwana da Hajiyarsu a asibiti. Kullum farar ƙwaya ake ba ta ta hawan jini, shekaranjiya sai aka kawo ruwan ɗorawa. Yarinyar ta lura, amma nauyin baki ya hana ta magana, ta ba Hajiya ta haɗiye. Daga baya aka gane maganin ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Alhamdu lillahi. To da ba shi ba ne fa?

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ya fi ki sanin gari. Na gwada lokacin da nake jinyar mahaifina. Tambaya ɗaya na yi, cikin ladabi, matar nan ta ajiye tire ta ce "to likita, zo ka yi da kanka." Ta wuce mu, sai da ta gama da kowa a ɗakin sannan ta dawo kanmu. Tun daga nan na kama bakina. Kai da ke neman a taimake ka, ina kai ina bincike?

Maman_Sadik:
Wallahi haka ne. In ka cika tambaya har suna ake sa maka, "mai gado na bakwai ɗin nan mai iyayi."

Sista_Binta:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan kare wadda ta yi wa Dan_Kurmi haka ba, ba ta kyauta ba. Amma Ummu_Khairat, ki gaya wa maigidanki ni mai jinyar da ke tambaya ya fi mini wanda ya naɗe hannu yana kallo.

Ku dubi yadda aikin dare yake a ɗakin mata. Sau da yawa ni kaɗai ce da gadaje sun haura talatin, in an yi sa'a da ɗaliba guda. In aka ɗauke wuta kafin a ta da janareta, fitilar waya nake riƙewa da baki ina karanta fayil. Ga kuma babbar matsalarmu a nan Arewa, suna. A ɗaki ɗaya za ki samu Aisha Muhammad uku, Fatima Abubakar biyu. Lambar gado ba abin dogaro ba ce, domin mata na musayar gado, wannan tana son kusa da fanka, waccan tana son kusa da ƙofa, kafin ka dawo sun sauya ba wanda ya sani. Shi ya sa ƙa'ida ita ce kada ka ce "ke ce Aisha?" Wadda zazzaɓi ya galabaitar ko Ladidi ka kira ta za ta ce na'am. Cewa ake "me sunanki?" a bar ta ta faɗa da bakinta, a haɗa da sunan uba da lambar kati.

Nan ma akwai aiki. Sunan da ke kati Hauwa'u, a gida Kulu ko Jummai aka san ta, ita kanta sai ta yi jim kafin ta tuna. Ka tambayi sunan miji ta rufe fuska tana dariya. Uwa na jinyar ɗan farinta, ka ce me sunansa, ta ce "wannan yaron dai." Ranar haihuwa kuwa ba a ma zancenta a wurin dattawanmu. To a irin wannan hali, mai jinyar da ya ce "Sista, tamu fara ce jiya" ya taimake ni, bai raina ni ba.

Abu_Fahad:
Duk wannan dogon bayani ne kawai. Wanda kwanansa ya ƙare ko a Jamus yake sai ya tafi, wanda ke da sauran shan ruwa ko guba aka ba shi zai tashi. Mu daina wahalar da kanmu.

Malam_Na_Zaure:
Abu_Fahad, Allah Ya gafarta maka, rabin karatun ka ɗauko. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da mutanensa. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, to alhakin abin da ya faru yana wuyansa. Malaman fiƙihu ma sun yi magana a kan gwanin likita in ya yi kuskure ya halaka rai ko gaɓa, sun ce akwai diyya. Da ƙaddara na share sakaci, da ba su ɓata tawadarsu a wannan babi ba. Yafewa alheri ce, kuma haƙƙin mai haƙƙi ce. Sai dai yafewa daban, rufe magana har abin ya sake afka wa wani daban.

Abu_Fahad:
Na karɓi gyara Malam. Amma dai a aikace talaka ba shi da abin cewa sai "na bar wa Allah."

Kabiru_Famasi:
Bari in koma kan ƙwayar Hajiya. Launi ba ya nuna magani. Kamfani goma za su yi amlodifin, kowa da launinsa da siffarsa. Abin dubawa a jikin kwali ko sacet abu uku ne: ainihin sunan maganin, wanda galibi aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan kamfani, sai ƙarfinsa, miligiram 5 ne ko 10, sai ranar lalacewa. Amma duk da haka yarinyar ta yi daidai da ta lura, inda ta gaza shi ne shirun. Sauyin launi dalili ne na tambaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kanti ba wannan ba ne. Mutum ya zo da takardar asibiti an rubuta masa diklofenak, a aljihunsa akwai haɗin da ya saya na ciwon jiki, cikinsa akwai ibufurofen, bai gaya wa kowa ba. Duk dangi ɗaya ne, suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Ko uwa ta ba yaro farasitamol, ta ƙara masa maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki. Don Allah in za ku asibiti ku zuba duk abin da marar lafiya ke sha a leda ku tafi da shi, har na gargajiya. Kuma wanda Septrin ko Fansidar ya taɓa sa wa ƙuraje ko kumburin leɓe, ya riƙa faɗa tun kafin a tambaye shi. Akwai wanda fatarsa ke saɓulewa kamar ƙuna saboda irin waɗannan, har baki da ido.

Yar_Gwammaja:
Malam Kabiru, to wanda maganin kansa ne gurɓatacce fa? Tambayar me za ta yi masa?

Kabiru_Famasi:
Babu, gaskiya. Wannan ya fi ƙarfin mai jinya, har ya fi ƙarfin nas. Ku tuna My Pikin, maganin haƙoran yara da aka yi a Legas a 2008. An sa masa wani sinadari mai guba, dayetilin gilaikol, ya kashe ƙodar yara, 84 suka rasu. A 2022 irin wannan guba ta sake kashe yara kusan 70 a Gambiya ta hanyar magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Iyayen nan ba abin da suka yi ba daidai ba. Wannan aikin NAFDAC ne da masu shigo da kaya. Abin da ke hannunmu kaɗan ne: a saya a wurin da ke da rajista, a kankare lambar nan da ke jikin kwalin maganin maleriya a tura saƙo a ga ko na gaske ne, kuma in yaro ya daina fitsari bayan shan wani magani a ruga asibiti da kwalbar a hannu.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu ma nan mun ga irin wannan. A annobar sanƙarau ta 1995 mutum fiye da dubu 50 aka yi wa allurar rigakafi ta jabu a Nijar, mutane na ganin sun tsira ashe ba komai a ciki. Batun tambaya kuma, wurinmu har da matsalar harshe. Ordonas, wato takardar magani, da Faransanci, karne, wato katin asibiti, da Faransanci, tsohuwa ta fito daga ƙauye ko sunanta ba ta iya karantawa. Wani manjo, wato babban ma'aikacin jinya, da na sani a wani ƙaramin asibitin ƙauye, zane yake yi a jikin ledar magani, rana tana fitowa, rana tsaka, wata, sai ya ja layi ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kowane. Sannan ba ya sallamarki sai kin maimaita masa da bakinki yadda za ki sha.

Sista_Binta:
Wannan manjon ya san aiki. "Kin gane?" ba tambaya ba ce, kowa e zai ce.

Dr_Mai_Barci:
Ni aikina sa barci da kashe zafi a ɗakin tiyata. Ina so Dan_Kurmi da maigidan Ummu_Khairat su san cewa mu kanmu tambayar juna muke yi, kuma dole aka sa mana.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai abubuwa 19 da ake karantawa da ƙarfi a ɗakin tiyata, a tsaya sau uku: kafin a sa barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da marar lafiya. Tambayoyin in ka ji su sai ka ce raini ne. Wane ne wannan? Wane aiki za a yi masa? Wane ɓangare, dama ko hagu? Akwai maganin da jikinsa ba ya so? An tanadi jini? A ƙarshe nas ta ƙirga auduga da allurai da almakasai, in lissafi bai cika ba ba a rufe ciki. An gwada takardar a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban, har da wani a Ifakara ta Tanzaniya, aka wallafa sakamakon a 2009. Mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. Ba sabuwar na'ura, ba sabon magani.

Ga misalin da ke hana ni sakewa. Akwai maganin tsayar da jini, tiranekzamik, da ake ajiyewa kusa saboda masu haihuwa. 'Yar kwalbarsa ta yi kama da ta allurar kashin baya da muke yi kafin a ciro jariri. An samu wurare a duniya da aka ɗauki wannan a madadin wancan aka zuba a bayan mace, wasu suka mutu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022. Waɗanda abin ya faru a hannunsu ba jahilai ba ne. Ƙarfe uku na dare, aiki na biyar, kwalabe biyu masu kama a tire ɗaya. Maganin abin shi ne a raba musu wurin ajiya, kuma mai miƙowa ya karanta sunan da ƙarfi, mai karɓa ya sake karantawa.

Inda muke da rauni shi ne girma. Ɗaliba ta ga babban likita zai yi ba daidai ba, wa ya isa? Irin nauyin bakin da ya kama ƙanwar mijin Ummu_Khairat, shi ke kama ƙananan ma'aikata a gabanmu.

Dan_Kurmi:
Dakta, takardar nan ana karanta ta da gaske a asibitocinmu ko cike ta ake yi bayan an gama?

Dr_Mai_Barci:
Ka taɓo inda ke ciwo. Wani wurin ana yi tsakani da Allah. Wani wurin sai an kai marar lafiya ɗaki a bi ta da biro a saka a fayil. Ya danganta da babban da ke ɗakin ranar.

Baban_Walid:
Tunda an zo batun allura, ku bar ni in faɗi nawa. Ɗan yayata yana shekara huɗu aka kai shi wani kyamis da zazzaɓi, aka yi masa allura a tsakiyar ɗuwawu. Yaro ya ƙwalla ƙara, daga ranar ƙafar ta saki. Mutanen gida suka ce shan inna ce, wasu suka ce iska. Sai a asibiti aka ce allurar ce ta sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Yanzu ya girma yana jan ƙafar. Kuma ko allurar ba ya buƙata, ƙwaya ta isa, uwar ce ta nace wai allura ta fi saurin aiki.

Mai_Kyamis_Habu:
Allah Ya ba shi lafiya. Amma kullum mu ake zagi. A unguwarmu in yaro ya yi zafi ƙarfe ɗayan dare ƙofar wa ake bugawa? Asibiti na da nisa, kuɗin kati da na gwaji sun fi ƙarfin mutane. In ka ce ba ka allura su ce ba ka iya ba, su tafi wurin na gaba.

Kabiru_Famasi:
Malam Habu, ba wanda ya ce ba ku da amfani. Amma lasisin da PCN, hukumar kula da harkar magunguna da masu sayar da su, ke ba mai kyamis na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Babu allura a ciki, babu ƙarin ruwa. Ka fi ni sani.

Sista_Binta:
Baban_Walid, abin tausayi. Don amfanin iyaye: ƙaramin yaro a cinya ake yi masa, gaba ta wajen gefe. Babba in za a yi a ɗuwawu, a raba shi huɗu a ido, a yi a kashin sama na waje. In kin ga an nufi tsakiya, ki riƙe hannun mai yi, kunya ba ta taso ba. Kuma a ɓare sabon sirinji a gabanki.

Lauya_Sani:
Tambayar asali tana da amsa a doka, ba ra'ayi ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da marar lafiya halin da yake ciki, hanyoyin maganin da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu, da cewa yana da ikon ƙi, kuma a harshen da yake ji. Sashe na 30 ya ba kowa damar kai ƙorafi. A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12, wanda yanzu FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ke kula da shi. Ƙorafi a kan likita yana zuwa MDCN, majalisar da ke yi wa likitoci rajista, akwai kwamitin bincike, akwai kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da shi ko soke sunansa. Nas da ungozoma suna da tasu majalisar. Asibitocin tarayya akwai teburin SERVICOM na karɓar ƙorafin jama'a. A Kano asibitoci masu zaman kansu suna ƙarƙashin hukumar PHIMA.

Shawarata ga duk mai jinya, ya sayi ɗan littafi na naira kaɗan. Ya rubuta ranar, lokacin, abin da aka bayar, wa ya bayar. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina da kuka ba su da komai a hannu sai "wata nas ce doguwa."

Maman_Sadik:
Barista, ka fito da littafi kana rubuta sunan nas a gabanta? Ai ranar ko ruwa ba za a sa wa naka ba.

Dr_Zainab_K:
Na karanta duka, kuma na yarda a tambaya. Amma tunda ana ta lissafa namu, bari in lissafa na masu jinya, domin haɗarin ba daga gefe ɗaya yake zuwa ba.

An ce kada marar lafiya ya ci komai saboda tiyata da safe, goggo ta tausaya ta ɗura masa kunu da asuba, kuma aka tambaya ta ce bai ci ba. In aka sa masa barci abin da ke ciki na iya tasowa ya shiga huhu. An saita ƙarin ruwa yana ɗiga a hankali saboda zuciyar tsoho ba ta da ƙarfi, ɗansa ya ga ledar maƙwabci ta riga tasu ƙarewa, ya murza 'yar tayar nan da ke jikin roba. Na ga wadda ta tsoma ledar jini a ruwan zafi daga filas wai kada sanyi ya kama 'yarta. Zafi yana fasa ƙwayoyin jinin, abin da za a ƙara mata ya zama guba. Ga jiƙe-jiƙe a ƙarƙashin gado, mai ciwon ƙoda ana ba shi a ɓoye.

Sannan ɓoye labari. A Janairun 2020 a Kano likitoci biyu suka rasu da zazzaɓin Lassa bayan aikin da aka yi wa wata mai ciki. Tun daga lokacin duk mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani ina tambaya daga ina aka zo, wa ya yi irinsa a gida, an yi rasuwa kwanan nan? Sai a ɓoye, don tsoron kada a killace su. Mu ma muna da 'ya'ya a gida.

Kuma ku sani, dalilin da ya sa ma'aikaci ke ɓoye kuskure shi ne abin da ke biyo baya. In ya faɗa, 'yan'uwa su rufe shi da duka, shugabanni su ba shi takardar tuhuma, a sa hotonsa a Facebook kafin a yi bincike. Wa zai faɗa? Kuskuren da ba a faɗa ba kuwa ba a gyara musabbabinsa, gobe wani zai faɗa ramin.

Yar_Gwammaja:
Dakta, batun jinin nan ya tsorata ni. Me mai jinya zai lura da shi in ana ƙarin jini?

Dr_Zainab_K:
Kafin a rataya, ma'aikata biyu su duba a bakin gado, suna da lambar kati da rukunin jini da ke jikin leda su dace da na marar lafiya. Ke ma ki saurara ki ji sunan naki ne. Minti 15 na farko su ne mafi haɗari, kada ki tafi sayo abinci a lokacin. In kin ga rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya ko ƙirji, numfashi sama-sama, ko fitsari ya koma kalar shayi, ki kira nan take a tsayar. Kuma leda ɗaya ba ta wuce awa huɗu a rataye.

Nas_a_Ingila:
Sannunku da gida. Abin da kuke muhawara a kai nan ma an sha shi. Wata yarinya, Martha Mills, 'yar shekara 13, ta rasu a 2021 a wani asibitin Landan bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininta. Iyayenta sun yi ta cewa jikinta na ƙara tsanani, ba a saurare su ba, binciken da aka yi ya nuna da an kai ta sashen kulawa ta musamman da wuri da wataƙila ta rayu. Daga 2024 aka fara abin da ake kira dokar Martha: akwai lambar waya a bango, mai jinya da kansa zai kira wata tawaga daban ta zo ta sake duba marar lafiya in yana ganin ba a ji kukansa. Hujjarsu ita ce uwa ta fi kowa sanin yadda ɗanta yake in yana lafiya. Kuma kowane marar lafiya da abin hannu mai sunansa da ranar haihuwa, ko farasitamol ba na bayarwa sai na duba.

Dan_Kurmi:
Anti, Ingila kenan. Mu nan wace tawaga za a kira, ita Sista_Binta da ke riƙe da fitila a baki?

Sista_Binta:
Ka ba ni dariya. Amma abin hannun nan ba sai na Turawa ba. A ɗakin haihuwa filasta muke yankawa mu rubuta sunan uwa mu manna wa jariri. Ba abin da zai hana a yi wa manya sai rashin sabo.

Ummu_Khairat:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta wa maigidan duka. Ya ce ya yarda da likitocin, amma har yanzu maganar Dan_Kurmi ce gaskiyar abin da ke faruwa a ƙasa, kuma shi ba zai sa ƙanwarsa ta jawo wa Hajiya baƙin jini ba.

Hajiya_Ungozoma:
'Yata, na yi ritaya bayan shekaru masu yawa a ɗakin haihuwa, bari in sa baki. Ku duka kuna da gaskiya, abin da ya rage shi ne lafazi da lokaci. Kada ki bari sai ta zuƙo allura ta ɗaga hannu sannan ki ce "mene ne wannan?" a gaban mutane. Tun da ta shigo aiki ki gaishe ta, ki ce "Sista, ni ce mai kwana da Hajiya, ga magungunan da take sha a gida, don Allah in an sauya wani ki nuna mini don kada in rikice." Kin mai da kanki mai taimaka mata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu a zamaninmu mai jijjiga in muka sa mata magniziyam salfet, kafin kowace allura ta gaba sai mun ƙirga numfashinta bai gaza 16 a minti ba, mun buga gwiwa mun ga ƙafa ta harba, mun auna fitsari, da maganin karya shi a kusa. Wa ke gaya mini numfashinta ya sauya tsakanin zagaye da zagaye? Uwarta da ke zaune a tabarma. Ban taɓa korar irin wannan ba.

Abu_Fahad:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Amma irinku nawa suka rage?

Lauya_Sani:
Hajiya ta kawo hikima, sai dai ina da ja kaɗan. In sai mutum ya iya lallashi kafin a gaya masa abin da za a zuba a jikin uwarsa, to wanda bai iya zance ba fa? Baƙauyen da ko gaisuwar asibiti ba ta ishe shi ba? Doka ba ta ce sai mai ladabi ba.

Dr_Zainab_K:
Barista, doka ba ta kuma ce nas ɗaya ta riƙe gado talatin ba, amma ga shi.

Maman_Sadik:
Ni dai tambayata ba a amsa ba. In na bi duk yadda Hajiya_Ungozoma ta ce, na gaishe ta, na yi ladabi, ta kuma yi mini irin ta Dan_Kurmi, in bari ta yi allurar ko in hana?

Sista_Binta:
In kina da dalilin zargin ba taku ba ce, misali ta kira wani suna, ko likita ya ce an daina wannan maganin, ki ce a dakata a duba fayil, ki nemi shugabar ɗakin. Jinkirin minti goma a yawancin magunguna ba ya kisa. In kuwa gaggawa ce, mutum na jijjiga ko jini na zuba, ki matsa ki ba mu wuri, tambaya ta biyo baya.

Dan_Kurmi:
Shugabar ɗaki ƙarfe biyun dare? Sista, a wane asibitin? Ki ba mu adireshi mu koma can.